Hutun Shekara Guda da Tony da Maureen Suka Ɗauka

A 1972 kamfanin motoci na Ford ya ɗauki wani matashi ɗan Ingila mai suna Tony Wheeler aiki. Shekarunsa 25. Yana da digirin injiniya daga Jami'ar Warwick, ya taɓa aiki a masana'antar motocin Chrysler, ga shi kuma yana kammala digiri na biyu a Makarantar Koyon Kasuwanci ta Landan, inda ɗalibai ba sa wahalar neman aiki domin kamfanoni ne ke zuwa zawarcinsu tun kafin su rubuta jarrabawar ƙarshe. Hanya a share take: ofis, albashi mai tsoka, ƙarin girma lokaci-lokaci, fansho idan furfura ta fito. Tony bai ce ba ya so ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne a ajiye masa gurbinsa har shekara guda, saboda shi da amaryarsa Maureen suna son su ga duniya, su kashe ƙishirwar yawo, sannan su dawo su zauna kamar kowa. Kamfanin ya amince. Daga wannan shekara guda ne aka samu Lonely Planet, kamfanin littattafan jagorar matafiya da ya kai ga buga kwafi miliyan 100 a 2010.

Shi Tony da yawo aka yaye shi. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin jiragen saman Birtaniya ne na wancan zamani, BOAC, mai kula da harkokin kamfanin a filayen jirgi, don haka yaron ya tashi tsakanin Pakistan da tsibiran Bahamas da Amurka da Ingila, bai taɓa daɗewa a makaranta ɗaya ba. Ita kuwa Maureen 'yar Belfast ce a Ireland ta Arewa, garin da a lokacin rikicin Katolika da Furotesta ya fara cin rayuka. Ta koyi aikin sakatariya, ta tattara ta nufi Landan tana da shekara 20. Kwanaki kaɗan da isarta, ranar 7 ga Oktoba 1970, ta shiga lambun shaƙatawa na Regent's Park, ta zauna a gefen wani benci da wani saurayi ke zaune yana karanta mujallar motoci. Hira ta haɗa su. Ranar da suka cika shekara guda cif da haɗuwa aka ɗaura musu aure.

A watan Yulin 1972 suka bar Landan a wata akwalar motar ɗaukar kaya ƙirar Mini da suka saya fam 65. Dabararsu mai sauƙi ce: su tuƙa ta har inda za ta mutu, in ta mutu su bar ta a bakin hanya su ci gaba, tun da ba wata dukiya ba ce. Motar ta ƙi mutuwa. Ta ratsa da su Turai, ta tsallaka Turkiyya da Iran, ta kai su har Kabul, inda suka sayar da ita har da 'yar riba a kai. Daga nan sai bas da jirgin ƙasa da duk abin da ya samu: Pakistan, Indiya, Nepal, Tailan, Malesiya, Singafo, Indunusiya.

Ba su ne suka fara bin wannan hanya ba. A shekarun nan dubban matasan Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan hipi, masu dogon gashi da jakar goyo, suna kwarara daga Landan zuwa Katmandu ta ƙasa. Iran na hannun sarkinta Shah, Afganistan na da sarkinta Zahir Shah, iyakoki a buɗe suke ga duk mai fasfo na Turai. Abin da babu shi ne rubutaccen bayani mai amfani. Littattafan jagora na lokacin an yi su ne don masu kuɗi, masu sauka a manyan otal-otal, ko kuma don masu zaga biranen Turai. Wanda ke son sanin ranar da bas ke tashi daga Herat zuwa Kandahar, ko masaukin da babu kuɗin cizo a Delhi, sai dai ya tambayi wanda ya fito daga can. Akwai wani gidan abinci a Santambul da ake kira Pudding Shop, inda matafiya ke manna 'yan takardu a allo, wannan na neman abokin tafiya, wancan na gargaɗi game da wani jami'in boda. Haka ilimin hanyar yake yawo, daga baki zuwa baki, wani sahihi, wani ƙanzon kurege. Tony, da halinsa na injiniya, yana rubuta komai a littafinsa: kuɗin mota, nisan gari, farashin ɗaki, inda ake samun biza. Ba da niyyar wallafawa yake yi ba. Mutum ne kawai da ba ya iya ganin lamba ya bar ta ta wuce.

A tsibirin Bali kuɗinsu ya kusa ƙarewa. Suka samu wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska da zai tsallaka zuwa Ostareliya, suka shiga a matsayin 'yan taya aiki. Tafiyar da aka ce ta 'yan kwanaki ce ta ci fiye da mako biyu a teku. Suka sauka a Exmouth, wani ɗan ƙaramin gari a gaɓar yammacin ƙasar, suka riƙa tsayar da motoci ana rage musu hanya, suka ƙetare faɗin nahiyar gaba ɗaya. Washegarin Kirsimeti na 1972 suka shiga birnin Sidni, da aka haɗa abin da ke aljihunsa da abin da ke nata, senti 27 ne. Tony ya jinginar da kyamararsa suka kama ɗaki, Maureen ta samu aiki a wani shagon sayar da abinci nan take.

Niyyarsu ita ce su yi aiki su tara kuɗin jirgi su koma gida. Ba a jima ba kowannensu ya samu aikin ofis mai kyau, shi a wani kamfanin magunguna, ita a matsayin sakatariya. To amma duk inda suka zauna da mutane, tambaya ɗaya ce ke biyo su. Ta yaya kuka zo? Nawa kuka kashe? Da gaske ana iya shiga Afganistan? Me kuka ci, ba ku yi gudawa ba? Akwai dalilin da ya sa tambayar ta yi yawa a Sidni fiye da yadda za ta yi a wani wuri. Al'ada ce ga matasan Ostareliya su tafi Landan su yi shekara ɗaya ko biyu kafin su yi aure su zauna, kuma da yawansu sun fara jin cewa maimakon su biya kuɗin jirgi su tsallake Asiya ta sama, ana iya ratsa ta ta ƙasa da kuɗi kaɗan. Ga mutum biyu da suka taka hanyar da ƙafarsu, gani kuwa ya kori ji. Tun suna rubuta wa mutane amsa a guntayen takardu har suka gaji, suka ce bari mu haɗa abin wuri ɗaya mu sayar.

A teburin kicin na ɗan gidan da suke haya suka yi aikin, da daddare bayan an tashi daga ofis. Tony na rubutu yana zana taswira da hannu, Maureen na bugawa da tafireta. Da aka kawo shafukan daga wurin mai ɗab'i, su biyu suka jera su, suka ɗinke da sitefila, suka datse gefuna. Littafin shafi 94 ne, sunansa Across Asia on the Cheap, wato ratsa Asiya da araha, kuɗinsa dalar Ostareliya 1.80. Sun juya hanyar ta fuskanci masu saye, ta tashi daga Ostareliya ta nufi Ingila, akasin yadda su suka bi ta. Sunan kamfanin kuma daga kuskuren ji ya fito. Tony na son wata waƙa mai suna Space Captain da Joe Cocker ya rera, ya ji wata kalma a cikinta ba daidai ba, Maureen ta gyara masa, shi kuwa ya ce nasa kuskuren ya fi daɗi, aka bar shi haka.

Kwafi 1,500 suka buga a watan Oktoban 1973. Tony ya ɗauki hutun kwana ɗaya daga wurin aiki ya bi shagunan littattafai na Sidni da kansa yana talla. Ba a yi mako biyu ba suka ƙare. Aka sake bugawa, aka kuma sakewa, har aka sayar da kusan 8,500. A zamanin fatauci, ayarin da zai tafi Gwanja sayen goro ba ya tashi sai da madugu da jagaba, mutanen da suka san inda rijiya take, da zangon da ake kwana lafiya, da garin da ake tatsar baƙo. Abin da waɗannan ma'aurata suka yi shi ne suka sa jagaba a aljihun duk mai dala biyu. Har irin gargaɗin da mai kuɗi ba ya buƙata matafiyin talaka na buƙata, misali cewa hukumar Singafo a lokacin tana ƙyamar namiji mai dogon gashi, ana iya tsayar da shi a bakin iyaka sai ya yi aski.

Masu ba da labarin nan sukan tsaya a kan senti 27 da teburin kicin, domin su ne masu daɗin faɗa. Ni a ganina shawarar da ta fi nauyi ba a 1972 aka yanke ta ba, a 1974 ne. Tafiyar farko hutu ce, da aikin Ford a ajiye a baya, kowane ɗan boko mai ɗan rufin asiri zai iya yin ta. Amma a farkon 1974 suna da albashi biyu a Sidni, suna da kuɗin jirgin komawa Landan, sun kuma ga cewa littafin da suka yi, duk da karɓuwarsa, ribarsa ba za ta riƙe gida ba. Mai hankali zai ce an yi wasa an more, a koma bakin aiki. Su sai suka ajiye ayyukan nasu duka biyu, suka hau babur ƙirar Yamaha, suka koma kudu maso gabashin Asiya suka shafe kusan shekara suna bin gari-gari, wannan karon da gangan, suna shiga masauki suna duba ɗaki, suna tambayar farashi, suna auna titi don zana taswira. Daga ƙarshe suka kama ɗaki a wani otal mai araha a lungun Singafo suka yi wata uku suna haɗa littafi na biyu.

South-East Asia on a Shoestring ya fito a 1975 da bango ruwan ɗorawa, matafiya suka laƙaba masa suna saboda launin bangon da kuma yadda suke bin maganarsa sau da ƙafa. Shi ne littafin da ya nuna cewa abin sana'a ne, ba sa'a ba. An yi ta sabunta shi ana sake bugawa shekaru da dama, ya sayar da ɗaruruwan dubbai. Lokacin ma ya taimaka musu. Jirgin Boeing 747 ya fara jigila a 1970, kuɗin tikiti ya fara sauka, 'ya'yan da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun girma, suna da ilimi da ɗan kuɗi da sha'awar ganin ƙasashen da iyayensu ba su sani ba sai a labarin yaƙi.

Tony da Maureen suka koma Melbon da zama. Shekarun da suka biyo baya ba su da wani armashi, kuma su ne aka fi tsallakewa idan ana ba da labarin. Gidansu shi ne ofis, shi ne sito. Katan-katan na littattafai a ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, Tony na loda su a mota yana kai wa shaguna. Kuɗin da littafi ɗaya ya kawo shi ake zubawa a buga na gaba, mai ɗab'i na jiran kuɗinsa, shaguna kuma ba sa biya sai bayan watanni. Miji da mata da suka zuba komai a sana'a ɗaya ba su da wurin jingina in ta rushe, domin babu albashin ɗaya da zai ɗauki ɗayan. Maureen ta ga wannan sarai. Ta shiga Jami'ar La Trobe ta karanta aikin kula da walwalar jama'a, da tunanin cewa dole wani a gidan ya riƙe takardar da za ta kawo albashi in littattafai suka gaza. Tana karatu, tana kuma tattara oda da lissafi da gyaran rubutu. Da ta kammala a 1980 sai ta zaɓi kamfanin, ba ta nemi aikin da ta karanta ba. Wannan shi ne karo na biyu da gidan ya juya wa albashi baya, kuma a wannan karon ita ce ta yi.

Kafin nan sun fara buga littattafan wasu marubuta. Wani ɗan Nepal, Prakash Raj, ya rubuta na ƙasarsa. Wani Bature mai suna Geoff Crowther, wanda ya yi aiki da wata ƙungiyar sa-kai a Landan mai tattara bayanan matafiya, ya rubuta Africa on the Cheap a 1977, littafi guda da ya ɗauki nahiyar Afirka gaba ɗaya. Dattawan Agadas da Damagaram da Kano za su tuna Turawan nan da ke fitowa daga Sahara ta Tamanrasset a shekarun 1970 da 1980, a tsofaffin motoci, fuska duk ƙura, suna tambayar masauki mai araha da hanyar marinar Ƙofar Mata. Da yawansu da wannan littafin ko bugunsa na baya suke tafe. Daga baya kuma ma'auratan sun ɗauki abokin tarayya, Jim Hart, wanda ya zo da sanin harkar wallafa da su biyun ba su da shi.

Sai 1979 ta zo ta rufe hanyar da aka gina kamfanin a kanta. A farkon shekarar juyin juya hali ya kifar da Shah a Iran, a ƙarshenta sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga Afganistan. Tafiya daga Landan zuwa Katmandu ta ƙasa ta zama tarihi. Da kamfanin ya tsaya a kan littafinsa na farko, da nan ya mutu. Amma matafiya ba su daina zuwa Indiya ba, jirgi kawai suka koma hawa. Sai ma'auratan suka yanke shawarar yin abin da ya fi ƙarfin aljihunsu: cikakken littafi a kan Indiya, ƙasar da girmanta da yawan garuruwanta suka sa babu wanda ya yi mata irin wannan aiki don matafiyi mai ƙaramin ƙarfi. Suka raba ƙasar tsakanin Tony da Maureen da Crowther da Prakash Raj, kowa ya kama yankinsa ya yi watanni a hanya. Kusan duk abin da kamfanin ya mallaka aka zuba. Littafin ya fito a 1981, shafi kusan 700, ya ninka na baya kauri da tsada. Da bai sayu ba, da sun koma neman aiki da bashi a wuya. Bugun farko ya sayar da kwafi 100,000, ya kuma ci kyautar Thomas Cook ta littafin jagora a Birtaniya. Abin nema ya samu. Daga nan ne suka iya ɗaukar editoci da masu zanen taswira na dindindin, su biya marubuta kafin su tashi.

A daidai wannan lokaci ne kuma suka fara haihuwa, 'ya mace Tashi, sannan namiji Kieran. Nan ne rabon aiki tsakanin miji da mata ya fito fili, kuma ba daidai wa daida ba ne. Sana'ar na buƙatar wani ya kasance a hanya, kuma galibi Tony ne ke tafiya, ita ke riƙe da ofis da yara. Duk wanda ya san yadda kamfani ke tafiya ya san cewa wanda ke zaune yana ɗaukar ma'aikata, yana bin bashi, yana sasanta rigima, ba a cika ganin sunansa a bangon littafi ba. Idan suka tafi tare kuwa da yaran suke tafiya tun suna goye, har Nepal da Afirka. Iyaye suka yi ta rubuto wasiƙu suna tambayar yadda ake yawo da jariri a ƙasar da ba a yarda da ruwan famfonta ba, Maureen ta amsa musu da littafi guda, Travel with Children. Dabarar dai ba ta sauya ba tun Sidni: a saurari abin da mutane ke yawan tambaya, a je a gano, a rubuta.

Wasiƙun nan ma wani jari ne da ba a saya da kuɗi ba. Kowane littafi na roƙon mai karatu ya rubuto in ya tarar farashi ya tashi ko otal ya rufe, wanda wasiƙarsa ta yi amfani a sa sunansa a bugu na gaba ko a aika masa littafi kyauta. Dubban mutane suka zama 'yan rahoton kamfanin ba tare da albashi ba. A 1984 ma'auratan suka fitar da littafin ƙasar Sin, jim kaɗan bayan ta fara barin baƙo ya yi yawo shi kaɗai ba tare da rakiyar hukuma ba. A shekarar ce kuma suka buɗe ofis a Kalifoniya, suka kwashe iyali suka koma can na wani lokaci, kasuwar Amurka kuwa ta sha musu kuɗi da wahala kafin ta fara biya. Daga baya aka buɗe na Landan da na Faris.

Girma ya zo da nasa laifin, kuma ba zan rufe shi ba. Littafin da aka yi don a nuna wa mutum lungun da babu kowa, shi ne ya riƙa cika lungun da mutane. Masaukin da aka yaba a shafi kaza sai ya cika maƙil, mai shi ya ƙara kuɗi ya rage kula, maƙwabta su buɗe nasu da suna mai kama da nasa don su ruɗi baƙo. Ƙauyukan bakin teku a Tailan da Bali da Goa sun sauya kama cikin shekaru kaɗan, matasa na bin hanya ɗaya, suna kwana a gidaje ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya, kowa da littafi iri ɗaya a hannu yana ganin shi mai gano sabon wuri ne. Tony ya sha amsa cewa jiragen sama masu araha ne suka kawo taron, ba littafi ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba, domin jirgi a filin jirgi yake sauke mutum, littafin ne ke gaya masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Rigima mafi zafi ita ce ta Bama. Jagorar 'yan adawar ƙasar a lokacin, Aung San Suu Kyi, ta roƙi 'yan yawon buɗe ido su ƙaurace wa ƙasar muddin sojoji ke mulki, kuma a 2000 wasu ƙungiyoyi a Birtaniya suka yi kiran a daina sayen littattafan Lonely Planet sai ya janye na Bama. Ma'auratan suka ƙi. Hujjarsu ita ce mutane za su je ko da littafi ko babu, gara a nuna musu yadda kuɗinsu zai shiga hannun talaka mai masauki da mai keke maimakon otal ɗin gwamnati. An zage su sosai a kan haka, ba su janye ba.

Harin 11 ga Satumba 2001, da bam ɗin Bali a 2002, da annobar SARS a 2003 suka zo a jere, mutane suka ji tsoron tafiya, ciniki ya faɗi, kamfanin da ke alfahari da zaman iyali ya sallami ma'aikata. Ya farfaɗo. Zuwa 2007 yana da littattafai kusan 500 a kasuwa, ma'aikata kusan 500, marubuta ɗaruruwa, yana sayar da fiye da kwafi miliyan 6 a shekara. Wato mutum biyun da suka kauce wa zama a babban kamfani sun wayi gari su ne masu babban kamfani, da taron daraktoci da lauyoyi da duk abin da suka tsallake a 1972.

A watan Oktoban 2007 suka sayar da kashi 75 cikin 100 ga BBC Worldwide, ɓangaren kasuwanci na BBC a lokacin, ba ɓangaren da ke watsa labarai da Hausa ba. Tony ya kai shekara 60, babu ɗaya daga cikin 'ya'yansu da ya ɗauki ragamar, kuma sun ga inda duniya ta dosa. Shafin TripAdvisor, da aka kafa a 2000, na tara ra'ayin matafiya kyauta, taswirar Google ta fito a 2005, wayar iPhone ta fito a shekarar da suka sayar. Bayanin da suka sha rana suna tattarawa ya fara zuwa tafin hannun kowa ba ko sisi, kuma mayar da kamfanin littafi ya zama na intanet aiki ne da ke son kuɗi mai yawa da kuma sha'awar da su ba su da ita. A 2011 suka miƙa ragowar kashi 25. Jimillar abin da BBC ta biya ya kai fam miliyan 130.

Waɗanda suka karɓi kamfanin ba su ji daɗinsa ba. Tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, dalar Ostareliya ta yi tsada ta cinye riba tun da a can ake biyan yawancin ma'aikata, cinikin littattafan jagora ya yi ƙasa. A 2013 BBC ta sayar da kamfanin ga NC2 Media, mallakar wani attajirin Amurka, Brad Kelley, wanda ya yi arzikinsa a harkar taba sigari, a kan fam miliyan 51.5. Asarar ta kusa fam miliyan 80, hukumar da ke sa ido kan BBC a lokacin ta fito ta soki cinikin. Sabon mai shi ya ɗora wani matashi ɗan shekara 24, Daniel Houghton, a kan shugabanci.

Su kuwa Tony da Maureen sun zuba wani kaso mai yawa na kuɗinsu a gidauniyar Planet Wheeler, wadda ke tallafa wa ayyukan lafiya da ilimi a ƙasashe masu tasowa, yawancinsu ƙasashen da littattafansu suka yi suna a kansu. Sun ba da gudummawar da ta sa aka raɗa wa cibiyar littattafai da marubuta ta Melbon suna Wheeler Centre, sun sayi hannun jari a kamfanin wallafa na Text, Maureen ta shiga tallafa wa wasannin opera, Tony ya ci gaba da yawo yana rubuta littattafai a kan ƙasashen da ake tsoron zuwa, irin su Koriya ta Arewa da Iraƙi. A 2014 gwamnatin Ostareliya ta ba su lambar girma su biyun. A watan Afrilun 2020, da annobar korona ta tsayar da jiragen duniya, Lonely Planet ya rufe kusan dukkan ayyukansa a ofisoshin Melbon da Landan, kafin shekarar ta ƙare kuma aka sake sayar da shi ga wani kamfanin Amurka mai suna Red Ventures.